Ramin Ƙofar Injiniya

Tun ranar da 'yan kamfani suka bi layin da gwangwanin jan fenti suna buga alama a katangar kowane gida, Tela ta daina zama lafiya, ta kuma hana kowa zama lafiya. Wai wayar faiba za a kawo. Waya ce siririya kamar zaren ɗinki, a binne ta a ƙasa ta shigo maka har ɗaki, ta kawo maka tashoshin talabijin birjik, ba ruwanta da hadari, ba ruwanta da iska. Mai gwangwanin ya ce mata nan ba da jimawa ba za a jona. Ba ta tsaya ta tambaye shi jimawa irin ta wa yake nufi ba.

Gidan nasu da can guda ne. Da mahaifinsu ya rasu aka ja katangar bulo a tsakiya, kowa ya fasa ƙofarsa ta titi. Ɓangare ɗaya na Tela, ɗaya na ƙanenta da ake ce wa Injiniya, ko da yake bai taɓa taka ajin injiniyoyi ba, janareto yake gyarawa a ƙofar gida. Ɗakin Inna, mahaifiyarsu, a ɓangaren Tela ya faɗo. Ƙafafun Inna sun daɗe da daina ɗaukar ta, sai a kujera mai taya. Tela ke yi mata wanka, ta yanke mata farce, ta shafa mata man zafi a gwiwa. Mijin Tela ya rasu, 'ya'yanta sun yi aure sun watse, in ta shigo gida da sallama Inna ce kaɗai mai amsawa. Shi kuwa Injiniya ba ya zama a cikin dangi bai faɗa ba cewa uwa a hannun ɗa namiji take zama, abin kunya ne a ce tana rakuɓe a gidan mace. Duk faɗan da suke yi, na kwata ne ko na shara ko na hayaƙi, in ka tona ka tarar na Inna ne.

Ita Inna abu ɗaya ya rage mata a duniya bayan salla: wani wasan kwaikwayo na wata ƙasa da ake nunawa kullum bayan la'asar. Ko kalma ɗaya ba ta ji a harshensu, kuma bai dame ta ba. Ta raɗa wa kowa suna, akwai Mai Gashin Baki, akwai Makira, akwai Baiwar Allah da kullum cikin kuka take. Inna kan nuna Makira da sandarta ta ce, “Ke dai Allah wadaran halinki, ai na gan ki jiya!” Tela na jin ta daga kan keken ɗinki, tana dariya ita kaɗai.

To, dish ɗin da ke kawo wasan, wato farantin kama tashoshi, a kan rufin Tela yake, kuma inda aka ɗaure shi da kusoshi ya fara yoyo, ruwa na ɗiga a kan yadin mutane. Mai hankali sai ya liƙe ramin ya jira. Tela ta kira mai gyaran kwano ta ce ya sauke shi gaba ɗaya. Ba ta ma ajiye shi a lungu ba, 'yan gwangwan ta tare a ƙofar gida, ta ɗaga murya yadda mai gyaran janareto zai ji da kyau.

“Ku kwashe, kayan mutanen da ne. Mu mun wuce nan. Wasu dai sai su yi ta fama da faranti a ka har tsufa.”

Injiniya bai ɗago daga injin da yake kwancewa ba. Ta sa aka huda bango a bayan talabijin inda wayar za ta shigo, ta cusa tsumma a hudar saboda ƙadangaru. Ta ce wa Inna ta yi haƙuri na ɗan kwana biyu, za ta ga Mai Gashin Baki tar kamar ta taɓa shi.

Kwana biyun ya miƙe har aka daina lissafi. Sai can masu haƙa suka zo da diga da shebur, suka faro rami daga bakin layi, suna bin jikin katanga gida bayan gida. Tela ta dinga leƙowa tana auna saura nawa. Ramin ya zo daidai ƙofar Injiniya, wadda ke gaban tata, ya tsaya cak. A nan akwai daɓen siminti mai kauri, inda yake ɗora janareto yana gwadawa, kuma ta kansa ake shiga gidansa. Ranar ya fito da kujerar roba ya dasa a tsakiyar daɓen, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

“Ba mai taɓa mini siminti,” ya ce.

Ogan masu haƙa, wani dogo mai tsohuwar hular kwano, ya share gumi ya dubi Tela da ta fito da almakashi a hannu. “Hajiya, mu ƙasa muke haƙawa. Siminti sai mai shi ya yarda. Kuma bututu ba ya tsallake gida, a jere yake tafiya.”

“Kai Auta, wane irin baƙin hali ne wannan?” Tela ta ce. Auta shi ne sunansa na gida, kuma ta san ya ƙi jinin a kira shi da shi a gaban mutane.

“A'a, Yaya, ni mai faranti a ka me ya haɗa ni da faiba? Ku da kuka wuce nan ai sai ku bi ta sama.”

Masu haƙa suka saɓa digoginsu suka koma layin baya. Duk gidajen da ke ƙasa da na Injiniya suka zauna da jan fenti a katanga, ba rami ba dalilinsa. Mai aski na ƙarshen layi, wanda ya riga ya yi wa masu zuwa shagonsa alkawarin kallon ƙwallo, ya daina gaida Injiniya. Tela ta buga wa ofishin kamfani waya har kunnenta ya yi zafi. Kullum wata mai zaƙin murya ce take ce mata layinsu na cikin tsari. Tela ta ce mata tsarin ya ci ƙaniyarsa, ta kashe.

Ana nan sai Injiniya ya ɓullo da sabon salo. Ya jawo talabijin ɗinsa ya jingina da katangar da ta raba su, daidai saitin ɗakin Inna. La'asar na yi zai ƙure murya. Kiɗan buɗe wasan ya ratso bulo ya shigo. Tela ta leƙa ɗakin ta tarar Inna ta tura kujerarta jikin bango, ta karkata kai, bakinta na motsi.

“Kin ji kukan Baiwar Allah? Me kuma suka yi mata?”

Tela ta taka keken ɗinki da ƙarfi don ya danne sautin, har allura ta karye. Bai hana komai ba. Da Inna ta gaji da kallo da kunne sai ta ce, “Ke, tura ni wajen Auta. In an tashi ki dawo da ni.”

Me za ta ce? Uwa ce. Da hannunta ta tura kujerar ta fita ƙofarta, ta hau daɓen nan da ya hana ta barci, ta miƙa ta a ƙofar ƙanenta. Ya karɓa da murmushin da ta ji kamar ta kwaɗa masa mari. Daga ranar abin ya zama kullum. Da fari ana tashi daga wasan take zuwa ɗauko ta. Sai aka fara cewa ta bari Inna ta ƙarasa shan shayi. Sai carbin Inna ya kwana can. Sai butarta. Tela tana lura da kowane abu da ya tafi bai dawo ba.

Wata rana ta tsaya a kan daɓen ta ce masa ya faɗi abin da yake so a wuce wajen.

Ya goge baƙin mai a tsumma, a hankali, yatsa bayan yatsa. “Kin sani ai. Ki bar Inna ta dawo nan, gobe da safe in fasa shi da hannuna. Ke ki samu faibarki, ni in samu uwata.”

“Uwarka? Ka taɓa ɗauke mata fo? Ka san wace gwiwa ce ke ciwo?”

“Ina da mata.”

“Allah ya isa tsakanina da kai,” ta ce. “Wallahi sai wayar nan ta shiga gidana, kuma Inna ba inda za ta.”

Ta zagaya layin baya ta samu Ogan masu haƙa yana cin abinci a gindin katanga. Ta tambaye shi in suka zo suka tarar simintin a farfashe fa? Ya tauna, ya haɗiye, ya kalli sama.

“In a farfashe yake, Hajiya, ai ya zama ƙasa. Mu kuma ba ma tambayar ƙasa wa ya fasa ta.”

Mai aski ya ce shi zai kawo guduma, har biyu ma. Saura lokaci. Nan Tela ta ji daɗin kanta, don ita ta gano shi. Da rana Injiniya na kan daɓen kamar an kafe shi. Amma bayan la'asar, da yake unguwar ba ta cika samun wuta a lokacin ba, yakan shige ciki ya tada babban janareto a tsakar gida, ya rufe ƙofa, ya ƙure talabijin don ya ƙona mata rai. A cikin wannan ƙara ko gini aka rushe ba zai ji ba. Muguntarsa ce za ta rufe masa kunne. Ta yi ta juya dabarar a ranta tana murmushi, har ta ɗinke hannun rigar wata a bai-bai.

Ranar da suka tsayar, ta yi wa Inna wanka da wuri, ta ɗaura mata sabon ɗankwali, ta tura ta ta miƙa. Ƙofa ta rufu. Janareto ya ɗauka, kiɗan wasan ya tashi. Tela ta ɗaure zani a ƙugu ta karɓi guduma daga hannun mai aski, ta ce ita za ta fara.

Kai, ranar an ga mace! Duka na farko ya tsage simintin, ta ji har cikin haƙoranta, ta ƙara. Kowane duka da abin da take tunawa: carbi, buta, shayi, murmushin nan. Mai aski na gefe yana nasa, maƙwabta sun fito suna kwashe ɓaraguzai da hannu. Masu haƙa na tsaye a bakin lungu kamar wucewa suke. Da ƙasa ta bayyana suka zubo da diga. Ba ta taɓa ganin suna aiki da sauri haka ba. Kafin a ce me, rami ya ratsa ƙofar Injiniya daga wannan kusurwa zuwa waccan, zurfinsa ya kai ƙugu, ya zarce ta ƙofar Tela, ya nufi shagon aski. Tela na tsaye a tsallake, jikinta duk ƙura, tafin hannunta ya yi ƙulu-ƙulu, tana haki tana dariya.

Janareto ya mutu. Aka zare sakata. Ƙofa ta buɗe, sai ga Injiniya yana turo kujerar Inna. Ƙananan tayoyin gaba suka zo daf da bakin ramin, ya ja baya da sauri.

Tela ta shirya wa ihu, ta shirya wa zagi, har amsoshi ta tanada. Injiniya ya dubi ramin. Ya dubi kujerar. Ya bi ramin da ido har ƙofar yayarsa. Sai ya ɗago, a hankali fuskarsa ta washe.

“Sannu da aiki, Yaya,” ya ce.

A lokacin ne abin ya faɗo mata. Ita tana wannan gefe, Inna tana wancan.

“A kawo katako!” ta ce. Aka kawo katako biyu aka gitta. Inna ta leƙa ramin ta damƙe hannun kujera da hannu bibbiyu.

“Ni za ku ɗora a kan wannan? Ku kashe ni a gida mana, ya fi sauƙi.”

“To a ɗauke ki, Inna, maza huɗu ga su nan.”

“Buhu ce ni? Ƙattin titi su cicciɓe ni a gaban jama'a, da wannan ƙugun nawa? Ba mai taɓa ni.”

Tela ta juya wajen Oga ta ce su saka bututunsu yanzu su rufe. Yana ta kaɗe hularsa a cinya.

“Mu masu haƙa ne, Hajiya. Masu bututu daban, masu rufewa daban, masu jona waya su ma daban.”

“Yaushe za su zo?”

“Nan ba da jimawa ba.”

Ta fizgi shebur daga hannun wani lebura ta fara mayar da ƙasa a ramin. Mai aski ne ya riƙe ƙotar, mutumin da ɗazu suke duka tare. Ya ce in aka cike ko taku ɗaya masu bututu za su tsallake layin, su koma ƙarshen jira, shi kuma ba zai yarda ba. Maƙwabtan da suka taya ta kwashe ɓaraguzai suka taso mata ca, wannan na faɗa wancan na faɗa. Ta zage su tas, su ma ba su raga mata ba. Tana cikin haka ta ji ƙarar tayoyi. Injiniya ya juya kujerar ya koma ciki, yana cewa, “Mu je, Inna, sanyi ya fara sauka.”

Da magariba aka ƙwanƙwasa katangar tsakiya, matar Injiniya ta ce a miƙo maganin Inna da filonta. Tela ta hau kan turmi ta miƙa ta saman bulo. Washegari aka ce kayan sawa. Bayan kwana kaɗan aka ce Inna ba ta jin daɗin katifarsu, a miƙo tata. Tela ta naɗe ta ta ɗaure da igiya, ta tura ta sama tana hawaye tana tsinuwa, ba ta ma san wa take tsine wa ba.

Kullum da safe takan bi ta kan katako ta je yi wa Inna wanka, tana wuce ƙanenta ba gaisuwa. Wata safiya ta tarar an riga an yi, har matar Injiniya ta yi mata kitso, an shafa man zafi. A gwiwar da ta dace kuwa. Tela ta tsaya da soso da sabulu a hannu kamar baƙuwa. Inna ta ce ta zauna mana, ta ba ta labarin yadda asirin Makira ya kusa tonuwa. Ba ta zauna ba.

Ruwa ya sauka, ramin ya cika, kwaɗi suka tare a ciki, sauro ya samu gida. Akuyar wani ta faɗa, aka ciro ta da ƙyar. Mutanen layin suka koma cewa ramin Tela, kamar ita ta kawo kamfanin. Mai zaƙin murya ta ci gaba da cewa suna cikin tsari. Masu bututu suka zo a ƙarshe, suka ce sai ruwa ya janye. Ya janye, suka dawo suka shimfiɗa, suka tafi suka bar shi a buɗe. Masu rufewa suka zo a nasu lokacin.

Ranar da aka rufe, tun ƙasar ba ta kwanta ba Tela ta je ta kama hannun kujera. Inna ta ce ƙasar da laushi, taya za ta nutse, a bari Auta ya sake zuba siminti. Ya zuba. Ta ce a bari ya bushe. Ya bushe har ya ɗora janareto a kai. Ta ce to ai can ba abin kallo tukuna, gaggawar me ake? Tela ta haɗiye wannan ma, don gaskiya ce.

Sai ga masu jona waya, wata ranar Talata da hantsi, ba sanarwa. Mutum ɗaya ne ma da ƙaramar jaka. Ya zare tsumman da ke hudar bango, wanda har ya ruɓe, ya zuro wayar. Siririya ce kuwa kamar yadda aka faɗa, Tela ta dube ta ta ce a ranta, a kan wannan abar? Ya haɗa wani ɗan akwati, fitila ta yi kore, hoto ya fito tar. Ya miƙa mata rimot ya ce ta more.

Ta share ɗakin Inna ta goge, ta kunna turare, ta shimfiɗa sabon zanin gado a kan gadon da ba katifa. Ta yi ta latsa rimot tana wuce tashoshi har ta samo tashar. Ba ta je ta roƙi kowa ba, ta gama roƙo. Ta ja talabijin ta jingina shi da katangar tsakiya, kamar yadda aka yi mata. La'asar na yi ta ƙure murya har tagogi na rawa.

Ga Mai Gashin Baki nan, kana iya ganin kowane gashi. Ga Baiwar Allah, hawayenta na sheƙi. Daga bayan bulo nasu ma na tashi, sai dai ba sa tafiya daidai, ɗaya na gaba ɗaya na bin sa, kowace magana sau biyu. Tela ta zauna a bakin gado, rimot a cinya, idonta a kan bango ba a kan hoton ba.

Can ta ji ƙwanƙwasa. Sandar Inna ce, ta san sautinta. Ta miƙe zumbur ta rage murya, ta manna kunne a bango.

“Na'am, Inna? Kin ji an jona? In zo in ɗauko ki?”

“Ke Tela,” muryar Inna ta ratso, da ɗan faɗa-faɗa irin na wanda aka katse wa kallo. “Kashe naki mana. Kina rikita mana namu.”